Fijo 504 Ta Tsufa, Amma Darasinta Bai Tsufa Ba

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Malanville da Parakou a shekarun baya ya san Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Ita ce ta riƙa ɗauko 'yan kasuwa daga Kandi da Kwatano, ta kawo su bakin gadar Kogin Kwara da ta haɗa mu da Gaya.

A Faransa aka fito da ita a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekara. An sa wa ƙaramar birkin faifai a tayoyi huɗu, a lokacin da motoci da yawa ke amfani da birkin ganga a baya. An kuma ɗaga cikinta daga ƙasa, aka yi mata ƙafafu masu shanye gargada. Wannan ne ya sa ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna. A can aka ci gaba da harhaɗa ta har 2006. Yau birkin faifai ya zama ruwan dare.

Amma mai karatu, akwai wata dabara da ta girme ta. A 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro ɗamarar kujera mai riƙe kafaɗa da ƙugu gaba ɗaya. Volvo bai yi rowa ba, ya bar kowane kamfani ya kwaikwaya kyauta. Aikinta shi ne, idan mota ta tsaya farat ɗaya, jikin mutum ba ya tsayawa; ɗamarar ce ke hana shi dukan sitiyari ko fita ta gilashi.

To, ina amfanin wannan gado idan an cusa ɗamara ƙarƙashin kujera, an zaunar da mutum biyu a gaba, an lafta buhunan albasa a sama? Birkin da aka auna don mutum bakwai ba zai tsayar da nauyin goma sha biyu a kan lokaci ba.

Direbobi da fasinjoji, rigakafi ya fi magani. Maƙera sun yi nasu, saura namu. Allah ya kai mu gida lafiya.