KAFIN KA SAUYA AKWATIN IMEL, GA ABIN LURA

Yau an wayi gari takardun banki, da na makarantar yara, da na ciniki, duk ta imel suke zuwa wa mutum, ko yana Agege ne ko Sabon Ibadan. Saboda haka tilas kowa ya san hannun da ya danƙa wa asirinsa. A shekarar 2017 kamfanin Yahoo ya bayyana cewa satar da aka yi masa a 2013 ta shafi dukkan akwatunansa, watau biliyan 3. Irin wannan ne ya sa mutane da yawa neman kamfanonin da ke kulle wasiƙa.

Biyu ne suka fi suna. Akwai Proton Mail na ƙasar Suwizalan, wanda waɗansu masana da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa a 2014. Akwai kuma Tuta na birnin Hanoba a Jamus, wanda ake kira Tutanota kafin 2023. Dukansu suna ba da ƙaramin akwati kyauta, mai son babba ya biya. Hikimarsu ita ce mabuɗin wasiƙa yana hannun mai ita, su kansu ba su iya karanta abin da ya ajiye. Tuta tana kulle har kan maganar wasiƙa, amma Proton ba ta yi wa kan magana irin wannan kulli ba.

To, amma fa a sani, kullin bai cika ba sai in mai aikawa da mai karɓa suna kamfani ɗaya, ko kuwa an sa wa wasiƙar kalmar sirri. In ka aika wa mai Gmail haka kawai, kwafinta na nan wurin Google. Haka kuma kamfanonin ba su fi ƙarfin doka ba. A 2021 hukumomin Suwizalan suka tilasta wa Proton ta ba da adireshin intanet na wani ɗan gwagwarmayar kare muhalli a Faransa, aka kuwa kama shi.

Kamfani kuma yana iya rufewa. Lavabit na Amurka ya rufe farat ɗaya a watan Agusta 2013, bayan gwamnati ta nemi mabuɗansa. Skiff kuwa kamfanin Notion ne ya saye shi a 2024, aka ce masu akwati su kwashe kayansu.

Saboda haka ƙaura sai da shiri, kamar mai sauya rumfa a kasuwa, wanda ba ya barin tsohuwa sai abokan ciniki sun san sabuwa. Da farko ka kwafe tsofaffin wasiƙunka ka adana. Sa'an nan ka sa tsohon akwati ya riƙa tura abin da ya shigo zuwa sabon. Ka bi banki da sauran wuraren da ka yi rajista ɗaya bayan ɗaya kana sauya adireshi, kada ka rufe tsohon sai bayan watanni.

Abu mafi muhimmanci, kalmomin ceto da za a ba ka ran buɗe akwati, ka rubuta su a takarda ka ɓoye. Wanda ya manta kalmar sirrinsa, ba shi kuma da su, to, tsofaffin wasiƙunsa sun tafi ke nan, kamfanin ma ba shi da ikon buɗe masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.