Kraken

Kraken wani ƙaton dodon teku ne da ke cikin tatsuniyoyin masunta da matuƙan jiragen ruwa na ƙasar Norwe. An ce yana zaune a can ƙasan teku, yana da hannuwa masu yawa, kuma idan ya taso sai a zaci tsibiri ne. Babu dabba mai irin wannan girma, amma masana da dama na ganin labarin ya samo tushe daga wata dabbar gaske, wato ƙaton sikwid.

Asalin sunan

Kalmar ta fito ne daga "krake" ta harshen mutanen Norwe, wadda ake kiran karkatacciyar bishiya ko murɗaɗɗen kututture da ita. Harafin "n" na ƙarshe ɗafi ne mai nuna abin da aka sani, aikinsa ɗaya da na "-n" a kalmar "gidan" idan aka ce "na ga gidan". Turawan Ingila sun ari kalmar tare da ɗafin, don haka mai cewa "the kraken" ya ayyana sunan sau biyu ke nan.

Siffa da ɗabi'u

Bayani mafi cika ya zo ne daga Erik Pontoppidan, bishop na birnin Bergen, a littafinsa kan halittun Norwe da ya fito a 1752 da 1753. Bai ga dodon da idonsa ba, abin da masunta suka faɗa masa ya rubuta. A cewarsu, kewayen bayansa ya kai wajen mil ɗaya da rabi, hannuwansa kuma na miƙewa sama har su kai tsayin sandar da ake ɗaura wa jirgin ruwa ƙyallen iska.

Abin lura shi ne masuntan ba su ɗauke shi a matsayin abokin gaba kawai ba. Idan suka auna zurfin ruwa a inda suka saba samun gaba 80 zuwa 100, sai suka tarar gaba 20 ko 30, sun san Kraken na kwance a ƙarƙashinsu, kuma ranar kamu zai yi kyau domin kifaye na taruwa a kansa. Sai dai dole su ci gaba da aunawa. Da zarar zurfin ya fara raguwa, dodon na tasowa ne, sai kowa ya naɗe fatsarsa ya yi tuƙi da iya ƙarfinsa. Babban haɗarin kuma yana zuwa ne lokacin da zai koma ƙasa, domin ruwan na juyawa kamar guguwa ya haɗiye duk abin da ke kusa.

Game da abincinsa, an ce yakan yi watanni yana ci, sannan ya yi wasu watannin yana fitar da kashi. Kashin kan gurɓata ruwa, ƙamshinsa kuma ya jawo kifaye, sai ya cinye su.

Wani littafin Norwe na wajajen 1250, Konungs skuggsjá, ya ambaci makamancin wannan dodo mai suna hafgufa, wanda ke gyatsa ya buɗe baki kifaye su shiga da kansu. Littafin ya yi hasashen guda biyu ne kacal a duniya, kuma ba sa haihuwa.

Hoton da aka fi sani a yau, na dabbar da ta naɗe jirgi da hannuwanta, ya yaɗu ne bayan zanen da Bafaranshe Pierre Denys de Montfort ya wallafa a farkon ƙarni na 19.

Dabbar gaske

A 1857 masanin dabbobi na ƙasar Danmak, Japetus Steenstrup, ya raɗa wa ƙaton sikwid sunan kimiyya Architeuthis. A 1861 jirgin yaƙin Faransa mai suna Alecton ya gamu da ɗaya kusa da tsibiran Kanari, amma guntun jikinsa kawai aka iya ɗaukowa.

Dabbar ba ta da ƙashi. Tana da hannuwa takwas da wasu dogaye biyu na cafkar abinci, da baki mai kama da na aku, da zuciya uku. Faɗin idonta na kai wajen santimita 27. Mafi girma ba ta wuce mita 12 zuwa 13 ba, kuma yawancin tsayin na dogayen hannuwan ne, don haka ba ta da ƙarfin nutsar da jirgi. Tana cin kifi da sauran sikwid, ita kuma wani nau'in kifin wel mai haƙora ne ke farautarta. Sai a 2004 masu bincike na Japan, Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori, suka ɗauki hotonta da rai a zurfin kimanin mita 900 kusa da tsibiran Ogasawara.

A adabi da finafinai

Alfred Tennyson ya wallafa waƙa mai suna The Kraken a 1830. Fim ɗin Clash of the Titans na 1981 ya cusa dodon cikin tatsuniyar Girka, inda babu shi ko kaɗan, kuma wannan kuskure ya bi mutane da yawa har yau. Ya sake fitowa a fim na biyu na Pirates of the Caribbean a 2006.