Gugguru: Shin fashewa na rage kalori?

Masu neman rage ƙiba kan ruɗe idan suka duba bayanin da ke jikin ledar masarar gugguru, domin sau da yawa akan rubuta alƙaluma iri biyu: na ɗanyar ƙwaya da na wadda ta fashe.

Kalori dai shi ne ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci.

Kofi ɗaya na ɗanyar ƙwaya yana ɗauke da kalori fiye da 700, yayin da kofi ɗaya na guggurun da aka yi ba tare da mai ba bai wuce 31 ba.

Wannan ne ya sa wasu ke zaton wuta ce ke ƙone kalorin, alhali kuwa bambancin daga ma'auni yake.

Yadda ƙwaya ke fashewa

Kimanin kashi 14 cikin 100 na nauyin kowace ƙwaya ruwa ne, wanda ɓawo mai tauri ya rufe.

Idan zafi ya kai digiri 180 a ma'aunin Salsiyos, sai tururin da ya taru a ciki ya fasa ɓawon, ƙwayar ta kumbura har ta ninka girmanta sau 30 zuwa 40.

Ke nan kofin gugguru galibinsa iska ce, nauyinsa giram 8 kacal, shi kuwa kofin ɗanyar ƙwaya ya kai kusan giram 200.

Idan aka auna da nauyi, giram 100 na kowannensu na ba da kalori tsakanin 370 da 390. Wanda ya fashe ma yakan ɗan ɗara, tun da ruwansa ya tsere ya bar sitacin.

Mai da sukari

Abin da ke sauya lissafin shi ne abin da ake zubawa a tukunya. Babban cokali ɗaya na mai yana ƙara kalori kusan 120, na sukari kuma kusan 50.

A shekarar 2009, ƙungiyar Center for Science in the Public Interest ta Amurka ta gano kalori 1,200 a matsakaiciyar mazubar gugguru ta wani babban kamfanin gidajen sinima a ƙasar.

Hakan ya zarce rabin kalori 2,000 da ake ƙiyasta baligi na buƙata a rana.

Don haka mai son sanin abin da ya ci, sai ya auna ƙwayar tun kafin ta shiga tukunya, sannan ya haɗa da lissafin man da sukarin da ya zuba.