HAƘAR KUZA A RIRUWAI: DAJIN FALGORE DA RUWAN KURA

Daga Wakilinmu

Duk ruwan da manomin Kura ko na Bunkure yake kora wa shinkafarsa da tumatirinsa da rani, daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ita kuwa Tiga Kogin Kano ne ke cika ta, shi kuma yakan gangaro daga duwatsun kudancin jihar nan, ya ratsa Dajin Falgore kafin ya iso. Watau abin da ya taɓa wannan daji, ya taɓa gonakin noman rani, ko da yake akwai tafiya mai nisa tsakaninsu.

Dajin Falgore, wanda a zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Gandun Kogin Kano, ya zarce murabba'in kilomita 900, kuma hanyar Kano zuwa Jos ta keta shi. Kudu da shi kuma akwai Riruwai, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda Hausawa ke narka kuza tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan. Kamfanoni sun yi zamaninsu a can, har da haƙar ƙarƙashin ƙasa, amma aikin ya durƙushe, ga shi kuma farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya cikin 1985. Sai ƙananan mahaƙa suka gaji wurin, da diga da shebur da kwanon wanki.

To, ina ruwan namun daji da wannan? Bari mu ɗauki dabba guda, kyanwar dajin nan ja mai dogon baƙin gashi a tsinin kunnuwa, wadda Turawa ke kira karakal. Irin wannan daji na itatuwa da duwatsu shi ne mazauninta a ƙasashen Afirka, har da Arewacin Nijeriya. Da dare take farauta, kuma takan yi tsalle wajen mita 3 ta cafke tsuntsu yana tashi. Abincinta zabi ne da fakara da zomo da agwada da ɓeraye. Takan haihu cikin kogon dutse ko tsohon ramin dabgi, kuma ba ta son hayaniya ko kaɗan, ga shi kowace ɗaya tana bukatar fili mai faɗin gaske.

Mai haƙa bai fito don ita ba, amma duk abin da take dogara da shi sai ya shafe shi. Zai sare itatuwa don ya buɗe rami, ya kuma sare don girki da bukka. Inda dutse ya yi tauri sai a sa nakiya, kogunan haihuwa su tafi. Rafin da take sha shi ne wurin wanke kuza. Sa'an nan inda aka kafa sansani sai hanyar babur ta biyo baya, tarko da bindigar harba-ka-ruga su biyo hanyar, zabi da zomo su koma tukunya. Dabba irin wannan ba ta kuka a ji, sai dai maharbi ya wayi gari ya daina ganin sawunta.

Ƙasar da aka tone kuwa ba ta zama wuri guda. Ruwan damina yakan kwashe ta zuwa rafuka, rafuka su miƙa ta ga kogi, lakar ta je ta kwanta a gindin Tiga, tana rage wa madatsar ciki. A ganina a nan ne ya kamata Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta riƙa ɗaukar Falgore tamkar wani sashe na aikinta, ba abin gandun daji kaɗai ba.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya. Bisa tsarin mulkin ƙasa, ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, ita ke ba da lasisi a ƙarƙashin dokar 2007, wadda ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata. Amma wa zai tilasta wa wanda ba shi da lasisin ma? A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa Falgore cikin dazuzzuka 10 da ta amince a mayar gandun namun daji na ƙasa. Abin da ake bukata a bayan wannan shi ne isassun masu gadi, da iyaka bayyananniya tsakanin dajin da ramukan haƙa.