Ina Za a Ɗaure Kwale-kwalen Gida? Abin da Alƙaluman Tafkin Chadi Ke Faɗi

A watan Satumba na 2020 gwamnatin Jihar Borno ta fara mayar da mutanen Baga garinsu, bayan sun yi zaman gudun hijira a Maiduguri da Monguno. Tun daga lokacin, gidajen masunta da yawa da suka saba da zaman birni suna ta juya magana guda: jirgin nan da aka haɗa kuɗi aka sassaƙa, a wace kwata za a kafa masa turke? A koma Baga da Doron Baga, ko a nufi arewa wajen Malam Fatori, ko a haƙura da ruwan madatsar Alau da ke nan bayan garin Maiduguri? Ga masunci kwale-kwale shi ne gona, shi ne kuma abin hawa. Inda aka ɗaure shi can maigida zai kwana, can za a gina matoyar banda, daga can ne kuɗin makarantar yara zai fito ko ya ƙi fitowa.

Duk wanda ya taɓa jin labarin Tafkin Chadi a rediyo ya san alƙaluman da ake yawan maimaitawa. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da 2,000. Wato sama da kashi 90 cikin ɗari ya tafi. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma mai neman wurin ɗaure jirgi in ya dogara da shi zai yi asara, saboda an ɗauki shekarar da ruwa ya fi cika aka gwada da shekarun da ya fi janyewa. Wani jami'in Faransa mai suna Jean Tilho, wanda ya auna yankin a farkon ƙarnin da ya wuce, ya tarar da tafkin a ƙanƙance tun a wancan zamani, shi ne ma ya kasa yanayinsa gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. Ke nan cikar 1963 ba ita ce ɗabi'ar tafkin ta kullum ba.

Akwai kuma abin da hoton tauraron ɗan'adam ke ɓoyewa. Ƙananan alƙaluman nan suna ƙirga ruwan da ke fili ne kawai, wanda ido ke gani daga sama. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyawa da kachala da sauran tsirrai ba ya shiga lissafi, alhali nan tarwaɗa ta fi zama, nan ake kafa gura da dumba. Rahoton da cibiyar adelphi ta Jamus ta fitar a 2019 ya haɗa da wannan ruwan, ya sami kimanin murabba'in kilomita 14,000. Wani bincike da mujallar Scientific Reports ta buga a 2020 shi ma ya nuna cewa cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Ina ganin ya kamata masu jawabi a manyan taruka su daina cewa tafkin yana gab da ɓacewa. Maganar tana kashe gwiwar mutanen da ke ci daga gare shi, su kimanin miliyan 2 a gaɓa da tsibirai, da wasu miliyan 13 da abincinsu ke fitowa daga can.

Abin da ya fi faɗin tafkin amfani ga mai jirgi shi ne zurfinsa. A matsakaici bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Tafkin kamar faifai yake: ruwa kaɗan ya ƙaru sai ya bazu nesa, kaɗan ya ragu sai gaɓa ta gudu. A ɗauki misali, wurin da ƙasa ke gangarawa da santimita 10 a kowace kilomita. Ruwa ya sauka da mita ɗaya, bakin ruwa ya matsa kilomita 10 ke nan. Hawa da saukar mita ɗaya kuwa abu ne da ɓangaren kudu ke yi a shekarar da ba ta da wani abin mamaki. Saboda haka turken da aka kafa a Janairu, jirgi na lilo a jikinsa, yana iya zama a tsakiyar gonar wake ko masara kafin Yuni.

Me ke kwashe ruwan? Rana da iska. Tafkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, amma zafi na ɗauke kusan mita 2 na ruwa daga samansa a kowace shekara. In aka raba, santimita 17 ne a wata, wajen milimita 6 a yini. Lungun da zurfinsa mita ɗaya ne, in hanyar da ke shayar da shi ta toshe, wata shida ya ishe shi ya ƙafe, kuma tun kafin nan jirgi mai inji ya daina shiga, don farfela na sarar laka. Tsofaffin masunta sun san wannan ba tare da takarda ba. Za ka ga mutum ya tsaya a goshin jirgi ya soka gorar tuƙi har ta taɓa ƙasa, ya zaro ya dubi inda jiƙa ta tsaya, ya gwada da kamu. Gobe ya sake. Abin da yake nema shi ne saurin saukar, domin shi ke gaya masa kwana nawa suka rage kafin a kwance igiya.

Wannan mita biyun ita ce mabuɗin sauran lissafin. Sama da kashi 90 cikin ɗari na ruwan kogi da ke shiga tafkin daga Shari da Logon yake zuwa, daga ruwan saman da ya sauka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kudancin Chadi da tsaunukan Adamawa na Kamaru. A shekarun 1950 da 1960 Shari na kawo kimanin kubik mita biliyan 40 a shekara. Raba biliyan 40 da mita 2, za ka sami murabba'in kilomita 20,000, kusan girman tafkin na wancan lokaci, ruwan saman da ke zuba a kansa ya cike sauran. A shekarun 1980 abin da kogin ke kawowa ya faɗi ƙasa da rabi, faɗin ya bi shi. Damina mai kyau a Maiduguri ba ta cika Tafkin Chadi. Mai son sanin ko kwatarsa za ta yi ruwa bana, labarin Shari a Njamaina zai nema.

Lokaci ma yana da nasa lissafin. Ambaliyar Shari na kai ƙololuwa a Njamaina wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ɓangaren kudu na tafkin kuma ya cika a Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ciyawar tudu ta bushe. Ruwa ya fi ƙasa wajen Yuli, ana tsakiyar damina. Baƙo yakan ruɗe da wannan. Wanda ya je duba kwata da sanyi zai ga ruwa har gindin rumfunan 'yan kifi, ya biya kuɗin wuri da murna. Da ni za a tambaya, sai in ce a je dubawa a Yuni, a tambayi bulama da sarkin ruwa inda jirage ke tsayawa a watan da ya fi muni, kuma kilomita nawa ake ɗaukar kifi a ka ko a amalanke kafin a kai inda mota ke iya zuwa. Jirgin katako da aka bari kan busasshiyar laka rana na dukansa yakan buɗe a haɗin allunan, sai an bi da tsumma da kwalta an toshe, wani lokaci sai an canja allo.

Tun farin 1973 tafkin ya rabu biyu. Wani tudu mai ciyawa, wanda ya taso daga wajen Baga ya miƙe zuwa gaɓar Chadi, ya raba kwarin kudu da na arewa. Kudu na shan Shari kai tsaye. Arewa sai kudu ta ƙoshi ta tsallake tudun, sai kuma ɗan abin da Komadugu Yobe ke kawowa ta wajen Malam Fatori da Bosso, wanda bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, ga madatsun Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 sun riƙe wani kaso tun daga ƙasar Kano. Shi ya sa kwarin arewa ya ƙafe ƙaf a wasu shekaru tsakanin 1975 da farkon shekarun 1990, garin Ngigmi na Nijar da ke bakin ruwa ya wayi gari tafkin ya yi masa nisan kilomita masu yawa. In ruwa ya shiga arewa kifi yakan yi albarka ƙwarai, amma caca ce. Gidan da jirginsa ɗaya ne, ba shi da na biyu, bai kamata ya jingina duka rayuwarsa a can ba.

Gwamnati da kanta ta taɓa zaɓen wuri da lissafin shekarun cika. Hukumar Raya Kwarin Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1973, ta tsara noman rani na hekta 67,000 a yankin Marte, aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafkin zuwa injinan tura ruwa a Kirenowa. An fara aiki a 1979. Cikin 'yan shekaru tafkin ya janye ya bar bakin hanyar a bushe, ba a taɓa noma ko kusa da abin da aka tsara ba. Shirin Transaqua, na jawo ruwa daga kwarin Kongo ta hanya mai tsawon kilomita 2,400, wanda aka sake tayar da maganarsa a taron Abuja na Fabrairu 2018 da ƙiyasin dala biliyan 50, har yanzu a takarda yake. Kada kowa ya kafa turke yana jiran wannan ruwan.

Bin ruwa kuma yana iya fitar da mutum daga ƙasarsa bai sani ba. A shekarun fari masunta daga Nijeriya, Hausawa da Barebari da sauransu, sun bi gaɓa tana janyewa har suka kafa Darak da ƙauyukan kewayenta. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke cewa wurin na Kamaru ne, a Disamba 2003 aka miƙa ƙauyuka sama da 30. Ƙasashe huɗu ke iyaka a cikin ruwan nan, kowacce da jami'anta da takardunta da kuɗin da take karɓa.

Sai hanya da mai. Daga Baga zuwa Maiduguri kusan kilomita 196 ne, zuwa da dawowa 392. A Baga ake banda kifi a cusa a kwalaye, a kawo kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri, daga nan manyan motoci su wuce da shi Onica da Enugu da Legas. Kafin cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ninki biyar ke nan, a injin jirgi da kuma a motar da ke ɗaukar kwali. Kwatar da ke nesa da wurin su, wadda a da ba a damu da nisanta ba, yanzu tana iya cinye ribar fita guda. Dole mutum ya auna nisa biyu: daga turke zuwa inda kifi yake, daga turke zuwa titi. Kusantar ɗaya sau da yawa nisantar ɗayan ne.

Wannan ne ke sa wasu su dubi Alau. Madatsar, wadda aka kammala a 1986 a kan kogin Ngadda, tana da nisan kilomita 20 kacal daga Maiduguri. Mutum zai yi su da safe ya sayar da ɗanyen kifi a gari, ya kwana cikin iyalinsa. Sai dai abin da take riƙewa kubik mita miliyan 112 ne, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da Shari ke zubawa a tafki a matsakaiciyar shekara ba. Ruwa ne ƙarami, masunta sun yi masa yawa, kuma an gina shi ne don shan birni da noman rani. A daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024 madatsar ta ɓalle, shekaru talatin bayan ambaliyar 1994. Hukumomi sun ce ruwa ya mamaye kusan kashi 70 cikin ɗari na birnin, mutane sama da 400,000 suka bar gidajensu. A kwanakin nan kwale-kwalen masunta na cikin abin da ya fito da mata da yara daga unguwanni irin su Gwange, abin da bai kamata a manta musu ba. Bayan nan ruwan da aka tara ya tsiyaye, masu jirage a Alau suka rasa wurin su. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Ngadda ta cikin gari kuwa ba wurin ajiye jirgi ba ce, 'yan watanni take gudu, sauran shekara kududdufai ne.

Alƙaluman da suka fi nauyi ba na ruwa ba ne. An kai wa Baga mummunan hari a Janairu 2015, aka sake tarwatsa ta a Disamba 2018. A Mayu 2015 Nijar ta kwashe dubban mutane daga tsibiranta bayan harin Karamga. A Janairu 2025 aka kashe manoma da masunta aƙalla 40 a Dumba, kusa da Baga, gwamnatin jiha ta ce sun wuce iyakar da sojoji suka shata. Iyakar nan ita ce ainihin faɗin tafkin ga mai jirgi a yau. Murabba'in kilomita 14,000 ba su da amfani ga wanda aka yarje wa 'yan kilomita daga kwata, kifi kuma ya fi yawa a tumbuna, wato tsibiran da ke bayan layin, inda masu bindiga ke karɓar haraji, su kuma kashe wanda suka ga dama. Yunwa ce ke tura mutane can, ba ganganci ba. Shi ya sa gidaje da dama suka raba ƙafa: mata da yara a Maiduguri saboda makaranta da asibiti, maigida da babban ɗa a bakin ruwa tare da jirgi, tukunya biyu a kan kuɗin kifi ɗaya.

Akwai abu ɗaya mai sauƙi da zai rage wa waɗannan gidaje caca. Ana auna tsayin Shari a Njamaina, ana auna tafkin a garin Bol na Chadi tun zamanin Turawa, tauraron ɗan'adam ma na aunawa. Hukumar Tafkin Chadi, da aka kafa ranar 22 ga Mayu 1964, tana Njamaina, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi kuma tana nan Maiduguri. Tsakanin cikar Shari da isowar ruwa gaɓar Nijeriya akwai makonni da dama. A riƙa karanta ma'aunin nan a rediyo kowane mako daga Oktoba zuwa Fabrairu, da Hausa da Barbarci, a ce ruwan bana ya fi na bara da santimita kaza ko ya gaza da kaza, a haɗa da inda sojoji suka yarda jirgi ya kai.