GIYA MAI SARRAFA KANTA: YADDA AKE GANO CUTARTA



Maƙasudin wannan lacca shi ne nuna cewa sau da yawa idan giya mai sarrafa kanta ta ƙi shiga, laifin yana ga waya, kuma ana iya bayanin wannan ilmi da Hausa tsantsa. Mu ɗauki misali da ƙasar Baure, a masarautar Daura, dab da iyakar Nijar, inda motoci ke kwasar gero da wake da dabbobi zuwa Daura da Kano. Bakanikenmu ya ƙware a kan giyar hannu irin ta Bedford da Mercedes 911, wadda kunne kaɗai kan gano cutarta. Amma a-kori-kura 'yan Kwatano, waɗanda da dama ba su da kuloci, sun zo masa da sabon al'amari.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara yaɗa irin wannan giya a 1940. A da, matsin mai kaɗai ke canja ta. Tun wajen 1980 zuwa 1990 aka ɗora aikin a kan ƙaramar kwamfuta, wadda ke ba da umurni ga solanoyid. Shi solanoyid siririyar wayar jan ƙarfe ce da aka nannaɗe. In wuta ta ratsa ta sai ta zama maganaɗisu, ta ja wani ɗan ƙarfe da ke buɗe wa mai hanya ko ya toshe ta. Watau kwamfuta ce sarki, waya ce manzo, solanoyid kuwa mai tsaron ƙofa. In manzo ya faɗi a hanya, ƙofa ba za ta buɗe ba ko da mai tsaronta lafiyarsa lau. A nan ne mota kan maƙale a giya ta biyu ko ta uku don ta kare kanta.

Saboda haka bincike yana da tsari, daga mai araha zuwa mai tsada. Da farko a duba man giya: yawanci ja ne, in ya yi baƙi yana ƙauri, to, akwai abin da ya ƙone a ciki. Na biyu, a gwada batir da fis, da wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, domin tsatsa kan hana ta aiki. Na uku, a zare soket ɗin da ke jikin giyabos a duba shi, gama ƙurar hunturu da ruwan damina nan suke taruwa. Sannan a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, musamman kusa da salansa inda zafi ke narka robarsu, da inda ɓera ya gaigaya, abin da ba ya wuya a motar hatsi.

Bayan haka sai a jona na'urar bincike. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tsarin lambobi iri ɗaya. Alal misali, P0750 tana nufin matsala a layin solanoyid na farko. Amma a lura, lambar layi take nunawa, ba lalle shi kansa ne ya mutu ba. Sai an auna shi da mita, an gwada da adadin da ke littafin motar, kafin a yanke masa hukunci.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya tsallake waɗannan matakai zai sauke giyabos mai lafiya, a kashe kuɗi, kaya su kwana a hanya, alhali waya guda ce ta tsinke. Aikinmu a jami'a shi ne mu zauna da masu wayarin a gareji, mu tattara kalmomin da suka riga suka ƙirƙiro, mu rubuta wa almajiransu littafi da harshen da suke tunani da shi.