Mabuɗin Da Ya Juya Labarin Dodanni

A ƙasar Japan akwai wani irin wasan majigi wanda ba mutane ake ɗauka ba. Zane ne ake yi, a jera shi dubu bisa dubu har ya riƙa motsi, sa'an nan a sa masa muryoyi da kiɗa. Masu abin suna kiransa anime. Waɗansu na ɗaukarsa wasan yara, amma wanda za mu ba da labarinsa yau, ko dattijo in ya kalla sai ya kwana yana juyi. Sunansa Shingeki no Kyojin, Turawa kuwa suna ce da shi Attack on Titan. Tun da wuri muna gargaɗin wanda ke da niyyar kallo, bai kai ga yi ba tukuna, ya ninke jaridar nan ya ajiye, gama yau tonon asiri za mu yi.

Mai labarin shi ne Hajime Isayama, wanda aka haifa a 1986 a wani ƙauye na lardin Oita da duwatsu suka yi wa zobe. Yana da shekara 23 ya fara zana labarin wata-wata a wata mujallar kamfanin Kodansha, daga Satumba 2009 har Afrilu 2021, babi 139 cikin littafi 34. Majigin kuwa ya fara fita a Afrilu 2013, ba a ƙare shi ba sai Nuwamba 2023. Ana fito da shi zango-zango, kowane zango da kashi-kashi a cikinsa. Abin da ya sa muka ɗauko shi shi ne, wanda ya kalli zangon farko, ya tsallake ya kalli na ƙarshe, zai rantse labari biyu ne dabam. Ga yadda aka yi ɗaya ya haifi ɗayan.

Zangon farko, mai kashi 25, ba wuyar ganewa gare shi. Ragowar 'yan Adam suna zaune cikin ganuwa uku, wata cikin wata, Maria da Rose da Sina, kowace tsawonta mita 50. A bayan ganuwa dodanni ne ƙatti masu siffar mutum, ba su magana, ba su da wani aiki sai cin mutane. An shekara ɗari ana zaman lafiya, sai ran nan kwaram wani mai mita 60 ya leƙo ta saman ganuwa, ya shuri ƙofar garin Shiganshina ta tarwatse. Wani yaro, Eren, ya ga wata dodanniya mai murmushi ta ɗauki uwarsa ta cinye a gaban idonsa. Ya yi rantsuwa sai ya ƙarar da irinsu daga doron ƙasa. Mai kallo kuwa yana bayansa ɗari bisa ɗari. Duk sa'ad da aka sare ƙeyar dodo ya faɗi, sai zuciya ta yi sanyi. Wa zai ji tausayin dodo?

Amma tun a kashin farko mai labarin ya binne wani abu. Uban yaron, likita Grisha, ya nuna masa wani mabuɗi, ya ce in ya komo daga tafiya zai kai shi ɗakin ƙarƙashin gidansu ya ga abin da ke ciki. Kafin ya komo gari ya ci wuta. Mabuɗin ya zauna a wuyan yaron, masu kallo kuma suka shekara shida cur suna jiran a buɗe ɗakin nan.

Kafin a kai can an yi waɗansu juye-juye. An gano Eren kansa yana iya rikiɗa ya zama dodo. An ga fuskar dodo a cikin ganuwar da ake taƙama da ita. A zango na biyu, na 2017, aka fahimci mutanen wani ƙauye sukutum ne suka rikiɗe. Amma wanda ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na Reiner. Wannan saurayi kamar wa yake ga dukan tsararsa na soja, shi ke ba da baki, shi ke tare wa na baya. Ran nan ana tsaye bisa ganuwa, kowa ya gaji, sai ya ja Eren gefe, ba kiɗa ba tsawa, cikin muryar da mutum zai tambayi kuɗin goro, ya gaya masa cewa shi da abokinsa Bertholdt su ne suka fasa ƙofofin nan. Mutane da yawa sai da suka mai da hoton baya, don sun zaci kunnensu ne ya yi musu gizo. A lokacin an ɗauke shi maci amana kawai. Ku riƙe sunansa, za mu komo kansa.

Abin da ke cikin ɗakin

A watan Yuni 2019, cikin zango na uku, aka kai ga ɗakin, bayan yaƙin da ya cinye rundunar da ta tafi, har da shugabanta Erwin, mutum tara kaɗai suka tsira. Abin dariya, mabuɗin bai ma shiga ƙofar ba, sai da aka sa ƙafa aka ɓalle ta. Ashe na aljihun tebur ne. A ciki ba makami, ba magani. Littafi uku ne da hoto guda, na Grisha da wata mace da wani yaro. Mutanen cikin ganuwa ba su taɓa ganin hoto ba, suka yi ta mamakin gwanin da ya zana shi haka. A bayansa an rubuta cewa ba zane ba ne, kuma 'yan Adam ba su ƙare ba.

Watau duniya tana nan cike da jama'a, da jiragen ruwa da na ƙasa da bindigogi. Ganuwoyin nan a kan wani tsibiri suke, Paradis. Mazauna cikinsu ƙabila ɗaya ce, Eldiyawa, waɗanda kakanninsu suka mallaki duniya da ƙarfin dodanni, har wani sarkinsu ya gaji da zub da jini, ya kwashi waɗanda ya iya kwasa ya rufe su a tsibirin, ya shafe musu tunanin abin da ya wuce. Waɗanda aka bari a babban yanki suka koma ƙarƙashin ƙasar Marley, aka killace su a unguwanni, aka ɗaura musu ƙyalle a damtse don a san su.

A nan ne tarihin Grisha ya shigo, kuma a ganinmu shi ne gimshiƙin duk abin da ya biyo baya. Yana yaro ya ja ƙanwarsa suka fita daga unguwar Liberio ba da izini ba, don kawai su ga inda wani jirgin sama ke sauka. Wani jami'in Marley ya tafi da yarinyar ya ba karnuka. Ubansu, saboda tsoro, ya sunkuyar da kai ya ba jami'in gaskiya. Grisha ya girma da wannan miki, ya shiga ƙungiyar asiri, ya auri Dina, jinin sarauta, ya haifi Zeke, ya riƙa cusa wa yaron aƙidarsa dare da rana, bai taɓa tambayarsa abin da shi yake so ba. Yaron yana shekara bakwai ya kai ƙarar iyayensa. Hukuncin kuwa shi ne a kai mutum bakin tsibirin, a yi masa allura, a tura shi ƙasa ya zama dodo har abada.

To, mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Dodannin nan da aka yi ta murnar sare ƙeyarsu tun 2013, ashe fursunoni ne, dangin masu sare su. Dodanniyar nan mai murmushi da ta ci uwar Eren, Dina ce, uwargidan ubansa. Ba a canja ko zane ɗaya na zangon farko ba, amma wanda ya koma ya sake kallonsa bayan wannan, wani abu dabam zai gani. Har sunan wasan ma ashe asiri ne a fili: Shingeki no Kyojin sunan dodon da Eren ke ɗauke da shi ne, watau ƙato mai kai farmaki, shekara da shekaru yana rubuce a bangon littafi ba wanda ya gane.

Zangon ya ƙare a bakin teku, wanda yaran suka yi ta mafarkin gani. Abokansa suna wasa da ruwa, shi kuwa Eren ya nuna ƙetare, yana tambaya ko kashe waɗanda ke can zai ba su 'yanci.

Labari daga wancan gefen

Juyi irin wannan bashi ne, tilas a biya. Tun da abokin gaba ya zama mutum, ba dama a ci gaba da labarin farauta. Zangon ƙarshe ya fara a Disamba 2020, aikin ma ya tashi daga hannun kamfanin Wit ya koma na MAPPA, har kamannin zanen suka sake. Aka buɗe a filin daga, cikin ramuka da igwa, shekara uku bayan teku, da waɗansu yara waɗanda ba wanda ya san su. Mutanen da aka saba da su ba ko ɗaya a fili. Wannan kasada ce babba, kuma waɗansu masu kallo sun yi gunaguni.

Cikin yaran akwai Gabi, 'yar Eldiyawan Liberio, mai zafin kai da jaruntaka, wadda ta haddace cewa mutanen tsibiri shaiɗanu ne, in an hallaka su duniya za ta yafe wa sauran. Duk wanda ya dube ta da kyau ya ga Eren na zangon farko, an dai juya masa fuska ne zuwa wancan gefe.

Sa'an nan aka komo kan Reiner. Aka nuna shi yana yaro, ɗan Ba'eldiya da wani Bamarle wanda ya guje su. Ya shiga soja don yana zaton in ya zama jarumi ubansa zai dawo gida; da ya je gare shi, uban ya kore shi kamar kare. Su huɗu aka aika tsibirin, ba wanda ya ko balaga. Tun a hanya dodo ya cinye jagoransu. Sauran suka ce a koma, Reiner ya ƙi, don ya san abin da ke jiransa a gida in ya koma hannu rabbana. Saboda tsoron wannan yaro ne ƙofar Shiganshina ta faɗi. Ya shekara biyar yana ci yana kwana da waɗanda ya mai da marayu, har hankalinsa ya rabu biyu, wani lokaci ya manta ko shi wane ne. Ashe wa ɗin nan da yake yi musu ba duka ne ƙarya ba.

Saboda an shimfiɗa wannan tarihi, haɗuwarsu a Liberio ta yi nauyin da ta yi. A wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma, ku lura, Eren ya zaunar da Reiner ya ce ya fahimce shi sarai, su biyun ɗaya suke. A waje ana shelar yaƙi a kan tsibirin. Yana gama magana ya rikiɗa, ya rusa ginin da mutanen da ke cikinsa, ya auka wa taron, yara suka mutu a turmutsutsu. Abin da aka yi wa garinsu, shi ya yi wa garin wani, mai kallo kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Gabi ta bi su cikin jirgi ta harbe Sasha, wadda masu kallo ke ƙauna ainun. Daga baya Gabin ta faɗa hannun uban Sasha, aka miƙa masa wuƙa, ya ƙi. Wadda ta zabura za ta soke ta kuwa ita ce wata yarinya da Sasha ta ceta tun a zango na biyu, cikin wani kashi da a lokacin aka ɗauka cike gurbi ne kawai. Isayama ba ya yar da ƙashi, sai ya dawo ya tafasa shi.

Inda igiyar ta yi tsauri

A 2022 aka sake wani juyin. Zeke ya ɗauki ƙanensa Eren ya shiga da shi cikin tunanin ubansu, don ya nuna masa cewa uban ne ya lalata shi. Sai reshe ya juye da mujiya. Dodon da Eren ya gada yana ganin tunanin magadansa na gaba, saboda haka ɗan ne, daga gaba, ya tsaya a kan uban ya tilasta shi kashe gidan sarauta a daren da ya so ya janye hannu. Tarihin da aka ba mu don ya bayyana Eren, ashe Eren ne ya rubuta shi. Wannan ya ƙayatar ƙwarai. Haka kuma labarin Ymir, baiwar da aka yanke wa harshe shekara dubu biyu da suka wuce, tushen dodanni duka, wadda aka sa 'ya'yanta uku suka ci gawarta. Sunayensu Maria da Rose da Sina. Da ita Eren ya saki dodannin cikin ganuwa suka tattake huɗu bisa biyar na mutanen duniya.

Amma a kashin ƙarshe an ƙara ɗaya, kuma a nan muka rabu da mai labarin. An ce Eren ne da kansa ya kau da dodanniyar nan daga kan Bertholdt, don lalle ya rayu, ta nufi gidansu. To, in haka ne, mutuwar uwar nan, wadda aka gina shekara goma a kanta, ta tashi daga zalunci ta koma dabara. Juyin ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya ƙara wa kashin farko nauyi. Wannan kuwa rage masa ya yi. An kuma faɗe shi cikin 'yan daƙiƙu aka wuce, kamar yadda aka yi da zancen cewa Ymir son sarkin da ya bautar da ita take yi, alhali abu ne da ke bukatar zango guda kafin a hadiye shi. Tarihin Grisha da na Reiner an ba su fili sun sha iska, waɗannan kuwa an cusa su ne a bakin ƙofa ana shirin rufewa.

Masu karatun littafin sun yi gardama mai zafi a kan ƙarshen nan tun 2021, har masu majigin suka gyara waɗansu kalmomi na hirar ƙarshe tsakanin Eren da amininsa Armin. Akwai masu cewa haka ya dace, mutumin da ya fi kowa kiran 'yanci ya ƙare bawan abin da ya gani. Hujja ce, ba mu raina ta ba. A mahaifar Isayama kuwa, tun 2020 an kafa mutum-mutumin yaran uku, Eren da Mikasa da Armin, a gindin madatsar ruwa ta Oyama, sun ɗaga kai suna duban saman bangon, a daidai shekarun da ba su san kome ba tukuna.